Duromita ta Shore A: ta cancanci kuɗinta, amma sai an iya ta

Duk mai aiki da robar silikon da ke daskarewa da hasken UV (hasken fitila ta musamman da ido ba ya gani) a nan Sakkwato, a shagon gyaran waya ne ko wajen liƙe kayan sola, ya san latsawa da farce ba awo ba ne. Sama na iya yin tauri alhali ciki ɗanye yake. Duromita, wato na'urar auna taurin roba, ƙarama ta hannu mai nuna lamba a ma'aunin da ake kira Shore A, ita ce ke raba gardama.

A ƙasanta akwai allura da ta fito da milimita 2.5. Idan ka danna ta a kan robar, sai ta nuna lamba daga 0 zuwa 100, iya taurin robar iya girman lambar. Kafin aiki gwada ta a kan gilashi mai tsabta, dole ta ba da 100.

Inda aka fi kuskure shi ne kauri. Ƙa'idar wannan awo, mai suna ASTM D2240, ta ce samfur ya kai milimita 6, a auna nesa da gefe da milimita 12, a wuri biyar daban-daban. Idan ya yi siriri, taurin teburin da ke ƙasa za ka karanta. To haske kuma ba ya ratsa silikon mai kauri sosai, balle mai launi, don haka ka juya samfurin ka auna bayansa. Fuska ta ba da 40, baya ya ba da 25? Hasken bai isa ba, ƙara lokaci ko ka matso da fitilar. Ka kuma tabbata fitilar ta dace da silikon ɗin, don nau'in hasken ya bambanta: fitila mai nanomita 365 daban, mai 405 daban.

Silikon mai sinadarin filatinam yana ci gaba da tauri bayan an kashe fitila, saboda haka a sake awo washegari. Kada safar hannu ta robar latex ta taɓa shi, sulfa da ke cikinta na hana shi daskarewa.

An tsara awon ne a zafin digiri 23, mu kuwa a bazara muna wuce 40. A riƙa awo da sassafe, a lokaci guda kullum. Da hunturu a rufe samfur saboda ƙura.

Aibinta ɗaya ne babba: ba ta zuwa da marikin da ke danna ta da nauyin kilo 1, kuma hannu ba ya danna daidai kowane lokaci. Ƙasa da 20 ma kada ka yarda da ita, silikon mai laushi irin wannan sai duromita ta Shore 00, wadda aka yi don roba mai laushi sosai.