Kafin a Sayo wa Ƙungiyar Karatu Littattafai

Shekarar da aka fara damƙa mini ƙungiyar karatu ta 'yan ƙaramar sakandare, yara 30 ne suka rubuta suna, kuɗin da aka ware kuma bai wuce na kwafi 30 ba. Ban tsaya dogon tunani ba. Na zaɓi littafin da ni kaina na ji daɗinsa ina yaro, na sayo 30 cif, na jera su a kan tebur suna sheƙi. Makon farko kowa na ɗoki. A mako na uku wata 'yar aji biyu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ni fa na gama tun ranar da aka raba, har na maimaita." Yaron da ke bayanta kuwa yana shafi na 19, ya naɗe gefen takardar, kuma da ganin yadda yake jujjuya littafin ka san a nan zai kwana. Kafin zango ya ƙare mun koma mu tara.

Littafin ba shi da laifi, lissafin sayen ne ya karkace. Duk wanda ke riƙe da kuɗin kwafi 30, hanya uku ce a gabansa, kuma tun daga nan ake gyara ƙungiya ko a ɓata ta, kafin ma a zo maganar wane marubuci.

Wadda na bi ita ce littafi ɗaya, kowa da nasa. Kada in yi mata rashin adalci, tana da daɗinta. Malami littafi guda zai karanta ya shirya, kowa ya san mugu ya san jarumi, in muhawara ta tashi ɗakin gaba ɗaya ke ɗaukar zafi. Mai sayarwa ma ya fi saurin yin ragi in abu ɗaya ka ɗiba da yawa. Sai dai yaran da ke tsakanin shekara 11 zuwa 14 tafiyarsu ba ɗaya ba ce. A benci guda za ka sami mai cinye shafi 200 a kwana biyu, gefensa ga wanda har yanzu yake bin layi da yatsa. Kuma da zarar zama ya fara kama da darasin adabi na cikin aji, yara sun fi kowa saurin shinshino hakan. Tun da shiga ƙungiya ba dole ba ce, wanda ya gaji ba zai yi maka gardama ba, kawai za ka daina ganinsa.

Wasu kan juya su sayo littafi 30 daban-daban, ɗai-ɗai. Kanta ta cika, ido ya ƙoshi. Amma wannan ƙaramin laburare ka haɗa. Ranar zama kowa zai tashi ya ba da labarin abin da shi kaɗai ya karanta, saura suna hamma suna jiran layinsu, babu mai cewa "kai, ba haka aka yi ba." Alhali wannan musun shi ake zuwa nema.

Hanyar da na tsaya a kanta daga baya ita ce littafi kala 5, kowanne kwafi 6. Kuɗin bai canza ba, kwafin 30 ɗin nan ne dai. Yara su kasu rukuni biyar, kowane rukuni ya ɗauki kala ɗaya, in an gama a yi musanya. In ka ba kowane zagaye mako 4, ka sami aikin mako 20 ba tare da ka sake sa hannu a aljihu ba, kuma kowane yaro zai fita da littafi biyar a kansa maimakon ɗaya. Me ya sa shida? In rukuni bai kai huɗu ba, ranar da biyu suka yi fashi hira ta mutu. In ya haura bakwai, masu kunya sun sami inuwar ɓuya, baki biyu ne kawai za su yi ta magana har a tashi. Wahalar tsarin a kan malami take, domin littafi biyar zai karanta, ba ɗaya ba. Akwai kuma masu fasa ƙwai, waɗanda suka riga suka gama za su tsegunta wa na baya yadda labari ya ƙare. Da farko ina hana su, daga baya na lura babu tallar da ta kai wannan. Yaron da aka gaya wa rabin sirri shi ne zai zo yana tambayar yaushe za a yi musanya.

Kala biyar ɗin kada su zama 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. A sa gajere wanda bai kai shafi 100 ba, domin wanda bai taɓa kai ƙarshen littafi ba a rayuwarsa ya ɗanɗana. A sa mai tsawo saboda masu cinyewa. A sa tarin gajerun labarai, wanda ko yaro ya yi fashin mako biyu zai iya shigowa ba tare da ya ɓata ba. A sa labarin gaske, tarihin rayuwar wani ko labarin wani bincike na kimiyya, domin akwai yaran da ƙagaggen labari ba ya burge su ko kaɗan. Sannan littafin da ake ba da labari cikin zane. Na san malaman da ke raina irinsa, suna cewa wasan yara ne. Ni dai shi ne wanda bangonsa ya fi saurin tsufa a hannuna, kuma littafi ba ya tsufa a cikin kwali.

Kafin ka biya kuɗin shida-shida, nemo kwafi ɗaya na kowane littafin da kake tunani, ko da aro ne, ka ajiye a gaban yaran. Akwai ɗan gwajin da malaman karatu suka daɗe suna yi da yatsun hannu: yaro ya buɗe tsakiyar littafi ya karanta shafi guda, duk kalmar da ta gagare shi ya ɗaga yatsa. In ya kai ƙarshen shafi yatsu biyar na tsaye, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu. Biyu ko uku daidai ne. In babu ko ɗaya, zai yi masa sauƙi, wanda ba aibu ba ne a ƙungiyar da aka kafa don jin daɗi. Shekarun da kamfanonin ɗab'i ke rubutawa a bango kiyasi ne kawai, kada ka jingina da su. Kai ma ka karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Gara ka ci karo da shafin da zai tayar da ƙura kai kaɗai a ɗakinka, da a ce uban yaro ne zai zo ya buɗe maka shi.

Yanzu sai jikin littafin, wanda mafi yawan masu saye ba sa dubawa. Littafin ƙungiya zai ratsa hannu biyar a shekara, ya kwana a jaka tare da kwalbar ruwa da takalmin motsa jiki. Ka riƙe shi ka dubi samansa, daidai inda shafuka suka haɗu da baya. In ka ga takardun a ninke ƙungiya-ƙungiya, yawanci shafi 16 ko 32 a kowane ninki, buɗe tsakiyar ninki ɗaya ka nemi zare. In ka gan shi, ɗinkakke ne, zai jure. In kuwa ka ga takardu ɗai-ɗai an dasa su cikin gam, to ƙarkonsa ya dogara da kyan gam ɗin. Buɗe shi sosai a tsakiya ka saurara. Mai ƙaramar ƙara kamar an karya busasshen kara, ajiye shi, domin nan da wata biyu shafukan tsakiya za su fara zubowa, kuma kullum babin da labari ya yi daɗi ne ke ɓata. Siraran littattafai da aka haɗa da ƙusar waya ba su da matsala sai in damshi ya taɓa su, waya ta yi tsatsa ta ci takardar. Ɗaga shafi ɗaya ka haska: in rubutun baya yana leƙowa har yana gauraya da na gaba, takardar ta yi shara-shara, kuma mai raunin karatu shi zai fi shan wuya. Takarda mai nauyin giram 70 zuwa 80 a kowace murabba'in mita ta wadatar. Ƙananan haruffa da aka cusa don a rage shafi su ma suna korar yaro tun kafin ya karanta layin farko.

Mai bango mai tauri ya fi ƙarko, amma tsadarsa za ta rage maka yawan kwafi, ga nauyi a jaka. Ni mai laushi nake saye, in sa masa rigar leda, in bi bayansa da salatif mai faɗi tun yana sabo, kafin ya tsage.

Na hannu fa? In littafi ɗai-ɗai kake nema, babu abin da ya kai shi sauƙi. Matsalar tana wajen haɗa shida iri ɗaya. Za ka sami uku bugun wata shekara, biyu bugun wata, ɗaya kuma taƙaitacce ne da aka yanke rabin labarin. Ka ce a buɗe shafi na 74, kowa ya buɗe wani wuri daban. Maganin wannan ita ce ISBN, lambar shaidar littafi da ake bugawa a bayansa. Tun daga 2007 lambobi 13 ne, kafin nan 10, kuma kowane bugu da kowane irin bango da tasa lambar. In aike za ka yi ko ta intanet za ka saya, lambar za ka bayar, kada ka tsaya a kan suna kawai, in ba haka ba cinikin biri a sama ka yi. Bugun sata kuwa, wanda araharsa ke sa mutum ya yi zargi, ko an ajiye maganar haƙƙin marubuci a gefe, tawadarsa dusu-dusu ce, wani lokaci ka tarar an tsallake shafi takwas a jere. Araha ba ta ado.

Kusan duk shekara sai wani ya ce me zai hana a koma na'ura. Na'urorin karatu irin su Kindle, wadda ta fito a 2007, da Kobo, abu ne mai kyau. Fuskarsu ba ta ɗaukar ido kamar ta waya, ana karantawa ko a rana, caji ɗaya kan kai makonni, kuma ana iya ƙara girman haruffa, wanda babban taimako ne ga yaro mai raunin gani. Amma kuɗin na'ura ɗaya zai sayi littattafan takarda masu yawa, kuma ranar da fuskarta ta tsage duk abin da ke ciki ya tsaya. Sannan littafin da ka saya a cikinta izinin karantawa ka saya, yana ɗaure da asusunka, adadin na'urorin da za a buɗe shi a kai kuma ƙayyadadde ne, ba za ka miƙa wa rukuni na gaba yadda kake miƙa na takarda ba. Waya ta fi kusa da hannu, sai dai labari ba ya iya kokawa da saƙonnin da ke faɗowa kowane minti. In dole sai da ita, a nemi fayil na EPUB, wanda rubutunsa ke daidaita kansa da girman fuska. PDF a ƙaramar waya jan hagu da dama ne har yaro ya haƙura.

Akwai littattafai na kyauta a wasu shafukan intanet, kuma na halal. Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da littattafai sama da 70,000, amma galibinsu tsofaffi ne da haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka, mafi yawa da Turanci, Turancin ma na da. Ɗan shekara 12 da ka miƙa wa irin wannan ba tare da jagora ba, yatsunsa biyar za su tashi tun a sakin layi na farko. A shafin LibriVox, tun 2005, 'yan sa kai ne ke karanta irin waɗannan littattafai da murya, suna naɗa don a saurara. StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, da African Storybook na Afirka ta Kudu, suna da labarai a harsuna masu yawa, har da Hausa, kuma lasisinsu ya yarda ka sauke, ka buga, har ka fassara. Sai dai yawancinsu don 'yan firamare aka yi. Ka duba matakin da ya fi tsawo, ka ajiye su don rukunin da ke buƙatar tsani, kada ka gina ƙungiyar duka a kansu. Ka kuma yi lissafin tawadar firinta da takarda kafin ka kira abin kyauta.

Ko me ka zaɓa, kada ka kashe kuɗin tas a rana ɗaya. Riƙe kamar kashi ɗaya cikin goma. Littafi zai ɓata, wani ƙanin wani zai yi zane a kansa, wani zai sha ruwan sama ya kumbura. In ɗaya daga cikin biyar ɗin yana da ci gaba, tabbatar na biyun yana samuwa kafin ka sayi na farkon, domin za a zo maka da "Malam, ina na biyun?" kuma "babu" amsa ce mai kashe gwiwa. Kowane kwafi a ba shi lambarsa, a rubuta a rajista tare da sunan wanda ya ɗauka, don kada shida su koma biyar kowa yana rantsuwa nasa ne a hannunsa. Hatimin makaranta kuma wuri biyu nake buga shi, shafin farko da wani shafi can ciki, saboda shafin farko shi ke fara yagewa.