Sharhi kan gyaran bututun jan ƙarfe da aka yi mini a Bauchi

Wata huɗu ke nan da wani mai gyaran famfo ya sake haɗa bututun ruwan zafi na gidana da ke Fadaman Mada, kuma da gangan na jinkirta wannan sharhi, domin aikin wanda ya gabace shi ma sai da ya yi mako uku lafiya lau kafin mahaɗar ta fara tsatsafar da ruwa, ta bar koren tabo a bangon banɗaki. Akasarin gidajenmu bututun roba ake sa musu, saboda haka masu hannu a aikin jan ƙarfe ba su da yawa, kuma na sha tambaya a wajen masu sayar da kayan famfo kafin a haɗa ni da wannan.

Da ya kwance tsohuwar mahaɗar, sai ya miƙo mini ita ya ce, "Alhaji, duba cikinta." Rabin cikin baƙi ƙirin ne, dalmar da ake narkarwa a liƙe haɗin da ita ba ta taɓa wurin ba ko kaɗan, a baki kawai ta taru kamar an shafa ta. Ya bayyana mini cewa jan ƙarfe yana yin wata dusasshiyar fata idan ya daɗe yana shan iska, kuma narkakkiyar dalma ba ta kama wannan fatar, sai dai ta bi ta kanta ta wuce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lokacin da ya kashe kafin ya kunna wuta. Ya tsiyaye ruwan bututun tas, ya yanka shi daidai, ya kankare kaifin da yankan ya bari a ciki, sannan ya naɗe bakin da samfefa mai laushi yana murzawa har ya yi ƙyalli kamar sabon kwabo. Cikin mahaɗar mai milimita 15 kuwa da ɗan buroshin waya ya goge shi. Da yaronsa ya ɗauki bututun ta wurin da aka goge, sai ya karɓe ya sake gogewa, ya ce maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya ɓata haɗin. Bai bar bututun ya sha ƙurar hunturu ba, nan take ya shafa man da ke sa dalma ta kama, ya haɗa, ya gasa jikin mahaɗar, ya ɗora dalmar a baki, na ga ta shige ciki da kanta ta zagaye. Dalmar da ya zo da ita marar guba ce, irin wadda ta dace da ruwan gida, kuma ya share ragowar man da tsumma domin kada ya ci bututun daga baya.

Ba zan ɓoye inda ya gaza ba. Ya ce zai zo da hantsi, bai iso ba sai bayan azahar, kuɗinsa ya kusa ninka na wancan, kuma harshen wutarsa ya ɗan babbaka fentin bango saboda bai kare wurin da komai ba. Duk da haka, mahaɗa shida ya yi mini, kuma kowace safiya nakan shafa su da hannu bayan hitar ta yi zafi, har yau ban ji danshi a ko ɗaya ba. Fentin ne dai ban samu na gyara ba tukuna.