AdSense, Media.net ko Adsterra: wanne ya dace da shafin da ake rubutawa da Hausa?

Wani ɗan'uwa cikin ƙungiyarmu, mazaunin Agege, ya yi tambaya. Yana da shafin intanet da yake sa farashin tumatir, albasa da tattasai na kasuwar Mile 12 da ke Legas, galibi da Hausa, wani ɓangare kaɗan da Turanci. Masu karanta shi kusan duk 'yan Najeriya ne, kuma ta waya suke shiga. Yana son ya fara samun kuɗin talla, an ba shi sunayen kamfanonin talla uku, AdSense, Media.net da Adsterra, ya rasa wanda zai kama.

Malam, kafin a zo maganar wanda ya fi biya, abu biyu ne za su yanke maka hukunci: harshen da kake rubutu da shi, da ƙasar da masu karatunka suke. Dalili kuwa, irin wannan tallan yana bin abin da ke rubuce a shafi ne. Na'urar kamfanin ce ke karanta rubutun, ta gane ana maganar noma ne ko waya ko mota, sannan ta kawo tallan da ya dace. In ba ta jin harshen, aikin ya tsaya.

Nan ne AdSense na Google yake da ƙaya. Shi ya fi kowa yawan masu ba da talla, tun 2003 yake aiki, kuma mai shafi yana samun kusan kashi 68 cikin 100 na kuɗin. Amma Hausa ba ta cikin jerin harsunan da ya amince da su, kuma dokarsa ta hana a sa tallansa a shafin da akasarin rubutunsa yake cikin harshen da ba ya cikin jerin. Wasu suna cika shafi da Turanci har a karɓe su, daga baya su juya Hausa. Kada ka bi wannan hanyar. Ranar da aka gano, ana iya tsayar da tallan, ko a rufe asusun da kuɗinka a ciki. Abin da ya dace shi ne ka gina ɓangaren Turanci na gaske, mai rubutu naka na kanka, ka nemi amincewa da shi, kuma ka sa tallan a waɗannan shafukan kaɗai.

Media.net kuma, wanda ya yi suna da tallan Yahoo da Bing, ya fi son rubutun Turanci da masu karatu daga Amurka, Ingila da Kanada. Shafin da dillalan Mile 12 da na Kano ke dubawa ba nasa ba ne. Ka ajiye shi gefe tukuna.

Adsterra ya fi sauƙin shiga nesa ba kusa ba. Ba ya tsananta wa ƙaramin shafi, Hausa ba za ta hana ka ba, kuma sau biyu yake biya a wata. Sai dai gaskiyar magana, tallansa ya fi bin ƙasar mai karatu da irin wayarsa fiye da abin da ka rubuta. Shi ya sa za ka ga tallan caca ko na neman mata ya faɗo a ƙasan farashin albasa. Ga shafin da dattawan kasuwa da matan aure ke buɗewa, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, mutum ɗaya ya ɗauki hoton allon ya tura a WhatsApp, sunanka ya ɓaci. In za ka yi amfani da shi, tun wajen ƙirƙirar gurbin talla ka kashe tallan batsa, ka rubuta wa ma'aikatansu su toshe na caca, sannan ka riƙa buɗe shafin da wayar wani kana ganin abin da ke fitowa. A AdSense wannan ya fi sauƙi, akwai wurin toshe rukuni kamar caca, giya da soyayya da hannunka.

Akwai tarko ɗaya da ke cin mutane da yawa. Tallan Adsterra da ya fi kawo kuɗi shi ne wanda ke buɗe wani shafi a ɓoye ta baya da zarar mutum ya taɓa allo. Yana cinye data, yana sa ƙaramar waya ta riƙa tsayawa, kuma Google ya hana tallansa a duk shafin da ke ɗauke da irinsa. Don haka in kana da niyyar AdSense ko da nan gaba ne, ka tsaya a kan tallan allo na gama-gari, wato hoton talla da ke zaune a cikin shafin (banner), ɗaya a sama, ɗaya a tsakiyar rubutu.

Sai batun karɓar kuɗi. AdSense ba ya biya sai ka kai dala 100, kuma tsakanin ranar 21 zuwa 26 ga wata yake turawa ta banki. Za a nemi lambar asusunka da lambar SWIFT ta bankin (lambar da ake gane banki da ita wajen turo kuɗi daga ƙasar waje), sunan da ke banki kuma ya zama daidai da wanda ka yi rajista da shi, harafi da harafi. Da ka kai dala 10 za su aiko lambar PIN a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshinka. Adireshin cikin lungu wanda ba lamba a jikin gida yakan sa takardar ta ɓace, gara ka sa na shago ko ofis da wasiƙa ke isa. Wata huɗu ake ba ka ka shigar da lambar, in ya wuce tallan ya daina fitowa. In takardar ta ƙi zuwa bayan ka nemi a sake aikowa har iyakar da suka yarda, ana tantancewa da katin shaida. Adsterra yana fitar da kuɗi daga dala 5 ta wasu hanyoyin, amma ta banki kai tsaye sai kuɗin ya taru da yawa sosai kafin a biya, saboda haka ka duba hanyar da za ka iya karɓa a Najeriya kafin ka manna ko layi ɗaya.

Kada ka auna su da kuɗin dannawa ɗaya. Ka duba abin da buɗe shafi sau 1,000 ke kawowa. A misali, in yana kawo rabin dala kuma ana buɗe shafinka sau 50,000 a wata, dala 25 ke nan, wata huɗu kafin ka kai iyakar AdSense.

Abubuwa uku ke rufe asusu: danna tallanka da kanka, roƙon abokai su danna, da sayen maziyarta na bogi. Sayen asusun AdSense a hannun wani ma haɗari ne, ranar da aka nemi katin shaida ba sunanka ne a kai ba. Kuma ka sa fayil ɗin ads.txt, wato ɗan fayil mai nuna kamfanonin da ka yarda su sayar da talla a shafinka, a tushen shafin, rashinsa yana rage kuɗi.

Shawararmu gare ka: tallan allo na Adsterra mai tacewa a ɓangaren Hausa, AdSense a ɓangaren Turanci idan ya yi ƙarfi. Sannan ka taka da ƙafarka wajen masu sayar da taki, masu motocin dakon kaya da dillalan buhuna, ka sayar musu da gurbi a saman shafin da kuɗin wata-wata a naira, domin mutanen da suke nema su ne ke duba farashinka kullum da safe.