'Yan Cateura ko Fulu Miziki, wa ya fi iya maida shara kiɗa?

Ɗan uwa ka tambaya wai tsakanin yaran Cateura na ƙasar Faraguwai da Fulu Miziki na Kinshasa wanne ya kamata mu kalla tunda muna so mu yi irin wannan kiɗan a dandalin unguwa. To gaskiya ba hanya ɗaya suka bi ba.

Cateura bola ce, babbar bolar birnin Asunshon. A 2006 wani mai suna Favio Chávez ya fara koya wa yaran masu tsince-tsince kiɗa, yaran sun fi kayan kiɗan yawa, shi ne Nicolás Gómez wanda shi ma a bolar yake neman abinci ya shiga ƙera musu. Goge irin na Turawa da gwangwanin fenti da cokali mai yatsu, babbansa da duron mai, fatar ganga kuwa tsohon hoton ƙashi na asibiti suke ɗaurawa. Amma fa burinsu sautin ya fito kamar na asali har yaro ya iya kaɗa kiɗan Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na Turai, kuma sun kai, a 2014 har zagayen wasa suka yi da Metallica, shahararriyar ƙungiyar makaɗa ta Amurka. Wannan makaranta ce, sai da malami da haƙurin shekaru.

Su Fulu Miziki ba ruwansu da kwaikwayon kowa, sunan ma da yaren Lingala na Kongo kiɗan bola yake nufi. Bututun ruwa na roba za ka ga an yanka tsayi daban daban ana dukan bakinsa da tsohon silifas yana bada wani irin amo mai kauri, ga jarka ga gwangwanaye, hatta kayan jikinsu da abin rufe fuska daga shara suka haɗa. Mai wucewa dole ya tsaya wallahi, tun kafin a fara ma ido ya ci abinci.

Ni dai in dandali ne na Kinshasa nake ba ka shawara, don ya fi kusa da mu, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ai gwangwanin sadin ne aka rufe da fatar akuya, tsirkiya ɗaya tal, kuma da shi ya zaga duniya. Ku fara da bututun da silifas, sai dai ku wanke jarkokin sosai ku goge bakin gwangwani saboda hannun yara.