Shekara ɗaya da agogon ƙirga taku a hannuna

Farkon shekarar nan na ɗau niyyar rage teɓa da yawan zama, don aikina na shago ne, tun safe har magariba ina kan benci ɗaya. Shi ne na shiga Farm Centre a Kano na sayi Xiaomi Smart Band 8, na haɗa shi da manhajar Mi Fitness a waya, na sa ma kaina taku 10,000 kullum.

Gaskiya agogon ya biya ni. Cajinsa yana kai ni wajen sati biyu, ga shi ruwa ba ya shigarsa, da shi nake alwala ban taɓa cirewa ba, kuma in na daɗe a zaune sai ya ɗan girgiza a hannu, wallahi wannan girgizar ce ta koya min barin adaidaita in taka da ƙafa zuwa gida bayan isha'i. Yana auna bugun zuciya da barci ma, nan na gane ashe awa 5 kawai nake samu saboda danne-dannen waya cikin dare.

Ban cika 10,000 kullum ba fa, da azumi da lokacin zafin nan na Afrilu na sauko 4,000, abin ya dame ni sosai. Amma da damina ta sauka na dawo, yanzu wandon da na ajiye tun bara ya shige ni. In za ka saya ka gwada shi a gaban mai shagon, ka tabbata ya haɗu da wayarka kafin ka biya.