Wata takwas ina karanta manga a MANGA Plus, ga yadda na same ta

Ni da anime, wato katun ɗin Japan, na fara, Naruto ne ya ja ni tun ina sakandare lokacin da muke kai memori shagon masu tura fim a cika mana, kuma na daɗe ban san wai labarin daga zanen takarda, wato manga, aka ɗauko shi ba. Ƙanena ne ya saka min manhajar karanta manga ta MANGA Plus a waya, ya ce Yaya gwada wannan, za ka daina jiran anime. Yau wata takwas kenan ban cire ta ba.

Manhajar ta kamfanin Shueisha ce, masu buga mujallar Weekly Shonen Jump a Japan tun 1968, ita kuma a 2019 suka buɗe ta don mu na waje. Abin da ya fi burge ni shi ne lokaci. Mujallar ranar Litinin take fita a can, to saboda bambancin agogo mu a Najeriya ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma sabon babi yake shigowa, ana idar da la'asar sai in zauna in karanta One Piece a daidai lokacin da ɗan Tokyo yake samun nasa, kyauta, fassarar masu abin da kansu ba irin ta shafukan sata masu tallan banza ba.

Ranar farko na ɗan rikice don daga dama ake karantawa zuwa hagu, amma wanda ya yi makarantar allo wannan ba baƙon abu ba ne a wajensa, kafin shafi biyar ido ya saba. Zanen baƙi da fari ne, babi ɗaya bai cika kai shafi 20 ba, data kaɗan yake ci in ka haɗa shi da bidiyo.

Wallahi sai da na koma karatu na gane yadda ake jan labari a anime. Mai zane Eiichiro Oda ya fara One Piece a 1997, kamfanin Toei ya fara anime ɗinsa a 1999, to da yake a da kowane mako sai sun fitar da wani abu kuma suna gudun kada su cimma mai zanen, abin da zan karanta cikin minti bakwai shi aka riƙa bajewa a minti ashirin da wani abu, a yi ta nuna fuskokin mutane suna mamaki. A takarda kai ke riƙe da linzami, in shafi ya yi kyau ka tsaya ka ƙare masa kallo, in surutu ne ka wuce. Amma fa ba zan ƙi gaskiya ba, faɗan Demon Slayer yadda 'yan kamfanin ufotable suka yi shi a anime da kala da kiɗa ya fi na takarda nesa ba kusa ba, wannan kam a kalla.

Sai a san tsarin kyautar kafin a shiga: babi uku na farko da uku na ƙarshe za ka iya maimaita su, na tsakiya kuwa a labaran da ake kan bugawa sau ɗaya ake buɗe maka a manhaja, in kana son komawa sai da biyan kuɗin wata. Don haka kar ka buɗe babi kana cikin hayaniya ko cajinka na shirin mutuwa. Kuma Jump tana bin ƙuri'ar masu karatu, sabon labarin da bai samu karɓuwa ba ana iya datse shi bayan 'yan watanni, akwai wanda na ƙwallafa rai a kansa aka rufe shi a gurguje, har yanzu abin na min ciwo.

Akwai Turanci, akwai Faransanci don 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru, Hausa ce dai babu, kuma ina matuƙar son in ga ranar da za a saka ta don ƙannena mata su daina cewa in fassara musu shafi shafi. In za ka gwada, fara da labarin da ka riga ka kalli anime ɗinsa, daga babi na ɗaya.