Sashen yara na asibitin mazaɓarmu: yadda aka duba tabon jikin ɗana

Ranar Talata na raka maiɗakina da mahaifiyata asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu, a ƙasar Ringim, domin a yi wa ɗanmu rigakafin sati 6. Ba allurar ce ta fito da Inna ba. Akwai wani tabo shuɗi-shuɗi a ƙugun jaririn wanda ya gangaro har ɗuwawu, ita kuwa ta riga ta yanke hukunci cewa 'yar rainonsa, yarinya 'yar shekara 10, ce ta kayar da shi ta ɓoye.

Ma'aikaciyar lafiyar ba ta yi gaggawar wanke kowa ba. Ta tuɓe yaron, ta duba bayan kunnuwansa da wuyansa da cikinsa, ta danna tabon da yatsa yaron bai ko motsa ba, sannan ta tambayi maiɗakina yaushe ta fara ganinsa. Ta amsa cewa tun kafin suna.

"Inna, wannan halitta ce, ba faɗuwa ba ce," in ji ta. Ta bayyana cewa ƙwayoyin da ke ba fata launi ne suka taru a can ƙarƙashinta tun yana ciki, abin da ya zama ruwan dare ga jariran baƙar fata da na Asiya, ba ya kumbura, ba ya zafi, kuma yawanci yakan dusashe kafin yaro ya isa shiga firamare. Kwanciyar jini kuwa tana da zafi, launinta yana sauyawa cikin kwanaki, ta ɓace a wajen sati 2.

Abin da ya fi burge ni shi ne gargaɗin da ta ɗora a kai: jaririn da bai fara rarrafe ba da wuya ya ji wa kansa ciwo, saboda haka duk sabuwar kwanciyar jini a jikinsa, musamman a kunne ko wuya ko ciki, a kawo shi ranar, domin mai yiwuwa hannun wani ne, ko kuwa ciwon da ke hana jini daskarewa. Ta kuma rubuta wurin tabon da girmansa a katin rigakafi, kada wani ma'aikacin ya yi masa wata fassara gaba.

Gyara dai akwai. Mun zauna tun hantsi har kusan azahar, domin ita kaɗai ke awo da allura da rubutu. Ɗakin kuma ba shi da ko labule, shi ya sa duk matan da ke layi suka ji zargin da Inna ta yi wa yarinyar, alhali ba dukansu ne suka tsaya jin amsar ba.